An Saye Shi, In Ji Mu

Mu a unguwarmu ba a kwanciya sai an ji siyasa. Da an idar da sallar isha wani zai murɗa rediyo, wani ya kunna ta cikin wayarsa, sai ka ji murya ɗaya ke tashi tun daga shagon tela har teburin mai shayi. A cikin gida ma haka ne, ana kwashe kwanuka kunne yana waje. Sojojin baka kuwa mun haddace su. Kafin mai gabatarwa ya ambaci sunan mutum mun riga shi, mun san gidan da yake ci, mun san wanda zai mayar wa martani, mun kuma san bara war haka a wani gidan yake, yana caccakar wanda yau yake kira jagora.

Duk wannan ba ya damunmu. Wanda ke sa mu tayar da jijiyar wuya shi ne ɗan jarida. Ya yi wa mutuminmu tambaya mai tsauri, sai ka ji an ce, "Kai, yaron nan an saye shi." Ya yi wa na ɗaya gidan irinta, sai wancan bencin ya ɗauka, "Ai dama mun sani, an saye shi." A dare ɗaya kowane benci ya yanke masa hukunci, babu wanda ya tsaya ya duba ko tambayar da ya yi tana kan hanya.

Ban ce zargin ba shi da tushe ba. Ambulan gaskiya ce, duk wanda ya taɓa leƙa taron manema labarai ya ga yadda ake yi. Ana gama jawabi sai a zagaya da takarda, kowa ya rubuta sunansa da gidan da ya turo shi, can an jima wani hadimi ya ja babban cikinsu gefe. A ce ga kuɗin mota, ko ga wannan a sha ruwa. Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu jaridu suka amince da su a Ilori a 1998 sun hana nema, sun hana karɓa, amma abin bai fasa ba. Akwai wani tsohon malamin makaranta da muke zama da shi, shi in an zo nan maganarsa ɗaya ce: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na yarda da shi, sai dai askin ba kullum ake ganinsa ba. Wanda ya karɓa ba lallai ne ya rubuta ƙarya ba. Gobe ne in ya ji an fitar da kuɗin titi ba a yi titin ba, sai ya tuna hannun da ya yi masa alheri, ƙafarsa ta yi nauyi. Labarin ba zai fita ba, mu kuma har abada ba za mu san an yi shi ba. Wannan shirun ya fi ƙarya cutar da mu, domin ita ƙarya wata rana ana kama ta.

To amma a tambayi yaron nawa ne albashinsa, yaushe rabon da a biya shi. Akwai gidajen da za su ɗauki matashi, su miƙa masa katin shaida, su bar shi ya je ya nemi abinci da shi. Shi zai biya kuɗin adaidaita zuwa wurin taro, shi zai sayi data ya aika da rahoto, ga mata ga 'ya'ya ga kuɗin haya. Mai gidan rediyon ma in ka zauna da shi kukansa ya fi na yaron. Wuta ba ta tsayawa, janareta ke riƙe da tasha, litar man gas kuma daga 2022 ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin gidajen rediyo da talabijin 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi, kafin daga baya ta jingine matakin. In gidan gwamnati ya kasa biyan kuɗin lasisi, ina ga na ɗan kasuwa? 'Yan kasuwarmu kuma ba masu yawan ba da talla ba ne. Wanda ke zuwa da kuɗi a hannu kullum shi ne ɗan siyasa, ya sayi fili, ya turo yaransa su cika shi. Sai gwamnati, mai tallan da ya fi na kowa tsoka, wadda in ranta ya ɓaci ba sai ta rufe tasha ba, janye tallan kawai za ta yi.

Mu fa, me muke biya? Tun zamanin da ake shimfiɗa jaridu a bakin titi, mutum ɗaya ke saye, goma su tsaya a kan mai sayarwa su karanta kanun labarai su wuce. Yanzu da waya ta zo ko tsayuwar ma an huta. Muna so a bi mana diddigin kuɗin ƙaramar hukuma, a je har ƙauye a gano asibitin da aka ce an gina, a zo a faɗa mana da Hausa mai daɗi, duk a kyauta. Malamin nan ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tela ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu talakawa ina muka ga kuɗin labari?" Malam ya ce, "Kuɗin datar da kake kallon faɗan 'yan TikTok fa, daga sama yake faɗowa?"

Amma ni ba kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da muke yi in labari ya biyo ta ƙofar gidanmu, shi ne.

Akwai wata yarinya a layinmu, a gabanmu ta girma, ta yi karatun jarida, ta samu aiki a wani gidan rediyo. Kowa yana alfahari da ita, in muryarta ta fito sai a ce a yi shiru ga 'yarmu. Ran nan ta bi labarin wata rijiyar burtsatse da aka rubuta an haƙa an biya, mutanen wurin kuma har lokacin daga kududdufi suke ɗiba. Ashe mai kwangilar surukin wani dattijo ne a unguwa. Ba a kai magariba ba aka yi sallama da mahaifinta. Ba wanda ya kawo ko kwabo, ba wanda ya yi barazana. Magana ce mai laushi: "Alhaji, a ja wa yarinyar nan kunne, duk ɗaya muke, gobe ma rana ce." Mata suka shiga wajen uwar. "Hajiya, ke kin san mace ce, aure za ta yi, kada a ce 'yarki ce mai tona asirin mutane." Kawunta ya kira ta ya ce, "'Yar nan, don Allah don Annabi ki kashe labarin nan, ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki." Ta durƙusa ta ce, "Kawu, na ji, amma na riga na je na ji ta bakinsa, kuma abin da ya faɗa zan sa shi yadda ya faɗa, ba zan rage ba." Labarin ya fita. Har yau akwai gidajen da in ta gaishe su da ƙyar suke amsawa.

Waɗanda suka je gidan nan ba miyagu ba ne. Mutanen kirki ne, su ne masu zuwa dubiya, su ne masu tsayawa a kan gawa. Rufin asiri kuma abu ne mai daraja a wurinmu, da shi muke zaune lafiya, ba na fatan ranar da za mu rasa shi. In maƙwabcinka ya kwana da yunwa, ko aurensa ya samu matsala, ko ɗansa ya yi abin kunya, rufe shi ne mutunci, ɗan jaridar da ya watsa irin wannan ya ci amanar aikinsa. Ƙa'idojin Ilorin ma sun tsare sirrin mutum da na iyalinsa, sun hana bayyana yara ƙanana a labarin laifi. Amma kuɗin rijiya ba asirin mai kwangila ba ne. Na matan da ke ɗaukar jarka ne, na yaran da ruwan kududdufi ke sa wa ciwon ciki. In an rufa wa mutum ɗaya asiri a nan, an tona na ƙauye guda. Mun haɗa abu biyun nan a ƙwarya ɗaya, 'yan siyasa kuma sun gane, shi ya sa sau da yawa ba sa wahalar da kansu da ambulan. Dattijo suke nema, ko malami, ko suruki. Ɗan jarida zai iya mayar da ambulan ya yi barci lafiya, amma ya ce wa kawunsa a'a, wannan sai mai ƙarfin zuciya. Kuma mu da muka tura kawun, mu ne da daddare za mu zauna muna cewa 'yan jaridar yanzu ba su da kishi.

Ku tuna Oktoban 2018, lokacin da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya fitar da bidiyon da ya ce Gwamna Ganduje ne ke karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya kai ƙara kotu, majalisar jiha ta kafa kwamiti, Jaafar ya bayyana a gabansa, daga baya kotu ta dakatar da binciken. A 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila, ya ce rayuwarsa na cikin haɗari. A majalisarmu ta unguwa ba a yi gardama kan hujja ba. Masu jar hula suka ce gwarzo ne, ɗaya ɓangaren suka ce ɗan kwangila ne aka turo. Kowa ya duba hularsa ya ba da fatawa. Da mulki ya juya, a watan Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a gidajen rediyo da talabijin, ta ce don a kawar da zage-zage da cin mutunci. Sai benci ya musanya baki. Waɗanda jiya ke kukan an danne 'yan jarida suka ce ai gyara ne, waɗanda jiya suka yi gum suka zama masu kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Zage-zagen gaskiya ne akwai su, ni ma kunnena ya gaji da jin ana ambaton iyayen mutane a iska. Amma gwamnatin da ake suka ba ita ya kamata ta riƙe almakashi ba, kowace ce, ko wace hula ta sa. Wanda ya yi murna yau don an toshe bakin abokin hamayyarsa, ya sani dokar tana nan za ta jira shi.

In hira ta kai nan sai wani dattijo da ya yi aikin gwamnati a Kaduna ya gyara zama. Shi a wurinsa duk wannan tsohon zance ne. Jaridarmu ta Hausa da ta fi kowace suna, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, hukuma ce ta kafa ta. New Nigerian da ta fito a Janairun 1966 ta gwamnatin Arewa ce, Triumph kuma gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa a 1980. Wato mu tun farko a hannun hukuma muka saba karɓar labari. Duk da haka, in ji shi, zamanin su Adamu Ciroma da Mamman Daura in New Nigerian ta yi sharhi har Legas ake jin zafinsa, domin editan yana da nauyin da ba a aiko masa da saƙo ta waya. Ƙarshenta dai jaridar ta durƙushe, ma'aikata na bin bashin albashi. Ya kan tuna mana da 10 ga Yulin 1981, ranar da rikicin gwamna da fada ya ɓarke a Kano, aka cinna wa gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph wuta, aka kashe Dokta Bala Muhammad. Ba sojoji ne suka yi wannan ba, mutanen gari ne.

Na sojoji kuma daban. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya ɗaya saboda labarin naɗin jakadu. Dele Giwa bam aka aika masa a cikin ƙunshin saƙo har gida ranar 19 ga Oktoban 1986. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, zamanin Abacha ya ɓace, daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar, iyalinsa da abokan aikinsa suka ƙi yarda. Farar hula ma ba su bar halin ba: a 2006, ana tsakiyar rigimar tazarce, NBC ta taka wa shirye-shiryen siyasa na Freedom Radio birki, a Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri, a 2022 aka ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan shirinta game da 'yan bindiga. Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai sukar 'yan siyasa a intanet, tun Agustan 2019 aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna, iyalinsa na nan suna jira. Sana'ar da muke zaune a benci muna yi wa kuɗin goro, akwai waɗanda suka biya ta da ransu.

Shi ya sa in abu ya faru da gaske, ba wanda ke yarda sai ya ji daga waje. "Bari dai mu ji BBC." Tun 1957 muke faɗin haka, daga baya Jamus ta zo, Muryar Amurka ta zo a 1979, Faransa a 2007. Abin da ba mu cika lura da shi ba, masu maganar nan 'ya'yanmu ne, daga Kano da Katsina da Damagaram da Kumasi, wasunsu ma a gidajen rediyonmu na nan suka koyi aiki. Ba a canza musu jini ba. Albashi ne ke zuwa kan lokaci, an hana su karɓar kyauta kuma ana korar wanda ya karɓa, ga edita da zai tambaye ka ina ka samo, wa ya tabbatar maka, ka ji ta bakin wanda ake zargi? In gwamna ya fusata kuma ba shi da tallan da zai janye. Sai dai wannan inuwar ba tamu ba ce, masu biyan haraji na wata ƙasa ne ke ɗaukar nauyinta, su ma da tasu manufar. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta tsayar da aikin Muryar Amurka, masu murɗa rediyo da asuba suka ji kiɗa a maimakon labarai. 'Yan'uwanmu na Nijar tun Agustan 2023 sojoji suka katse musu RFI, a Disamban 2024 aka dakatar da BBC wata uku. Wanda ya ba ka aro, ran da ya ga dama zai karɓi abinsa, ko wani ya tare hanya.

Ga shi kuwa mun ga abin da na gida zai iya in an bar shi. Tun da Freedom ta buɗe a 2003, sauran tashoshi suka biyo baya, talaka ya san yana da inda zai kai kuka. Unguwa ta shekara babu taransifoma, 'yan fansho sun yi layi har sun gaji, an cinye filin makaranta, a faɗa a shirin In Da Ranka ko makamancinsa, kwana biyu ka ga jami'i ya fito yana bayani. Mata sun fi mu sanin darajar wannan, domin su ne ke kira a kan maganin da babu a asibiti. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa, ba ɗan jarida kaɗai ba, damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun kwangila. A majalisarmu, da duk iya maganarmu, ban ji wanda ya taɓa rubutawa ba.

Yanzu zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuɗi za su fito, filaye za su yi tsada, kowane ɗan takara zai ɗebi sojojin baka da yaran Facebook. Ni abu ɗaya nake roƙon gidajen rediyonmu, ba ya kuma bukatar doka ko izinin kowa. Duk filin da aka saya, a faɗa da baki a farkonsa da ƙarshensa cewa wane ne ya biya, kada a lulluɓe shi da kiɗan labarai, kada a sa mai karanta mana labarai ya karanta shi da muryar da muka amince da ita. Labarai su tsaya daban, a biya masu yin su albashin da zai hana su kallon hannun hadimi. Da na faɗi haka tela ya ce, "To Yaya, in aka ce wane ne ya biya, ai ba wanda zai saurara." Mai shayi ya ce shi zai saurara, don dama ya sani, abin da yake so kawai a daina raina masa hankali. Malam kuma ya juya wajen dattijon da ya je gidan su yarinyar nan, ya ce, "Alhaji, kai da ka iya zuwa a kashe labari, gobe ka shirya mu je tare mu ga ko an haƙa rijiyar."